Yayana da Ajamin da Kwangila Ta Cinye

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Yau kwana arba'in da muka kai Yaya makwancinsa, kuma har yanzu in na tuna zaman makokin nan sai in ji raina ya ɓaci. Na san ba a fara ta'aziyya da ɓacin rai. Amma shi ya sa na ɗauki alƙalami, don haka da shi zan fara.

Kwana uku muka yi a zauren gidanmu na Limancin Kona muna karɓar gaisuwa. Jama'a sun zo, alhamdu lillahi, har tabarmi suka kai bakin lungu. Wani tsohon shugaban makaranta ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Malam, mun yi rashi. Furogiram ɗin da ya rubuta mana na fitar da sakamakon jarrabawa, har yau da shi muke aiki." Wani daga wani ƙaramin asibiti ya ce kafin Yaya ya sa musu hannu, neman katin marar lafiya ɗaya sai ya ci musu rabin safiya. A cikin gida kuma Goggo, ƙanwar mahaifinmu, tana ta kuka tana faɗa wa mata, "Bawan Allah, ya ƙare rayuwarsa a gaban talabijin, talabijin ɗin ma ko hoto babu."

Ranar uku, an shafa fatiha ana watsewa, wani mutum ya tsuguna kusa da ni ya rage murya. "Alhaji, na san ba lokacinsa ba ne. Amma ko marigayi ya nuna wa wani yadda ake gyara namu? Tun shekaranjiya ya ƙi buɗewa." Na dube shi kawai. Allah ya taimake ni ban buɗe baki ba.

Da na shiga gaida matar Yaya, tana zaune a kan tabarmar takaba, sai ta ce da ni, "Na ji kowa yana yabonsa da aikin da ya yi masa. Akwai wanda ya tambayi nasa aikin?"

Na ce babu.

Ta ce, "Kai ma ai ba ka cika tambaya ba."

Gaskiya ta faɗa. To ga amsar tambayar da ba a yi ba.

Mahaifinmu, wanda duk unguwa ke kira Malam, almajiran ilimi yake karantarwa a wannan zaure. A ɗakinsa akwai akwatuna biyu na takardun da ya gada, cikinsu har da waƙoƙin wa'azi da kakanmu ya rubuta da Hausar ajami, da hannunsa. Gara ta taɓa wasu, damshin damina ya manne wasu. Yaya shi ne babba a cikinmu, ya yi karatun zaure sannan ya yi boko, lissafi ya karɓe shi, har ya sami aiki a ɗakin kwamfuta na jami'a a Samaru, tun lokacin da ake huda kati a ba na'ura ta karanta. Kullum da safe yana tura Vespa ɗinsa har bakin lungu kafin ya tayar, don kada ya katse wa Malam karatu.

A nan abin ya shige shi. Yana ganin na'ura tana buga Turanci shafi bayan shafi ba ta gajiya, ya dawo gida ya tarar da Malam yana ɗaga takardar kakanmu a hankali kada ta ɓare. Sai ya ƙudura zai rubuta furogiram da zai sa kwamfuta ta buga ajaminmu yadda muke rubuta shi. Ba Larabcin gabas ba. Namu, mai fa da ɗigo a ƙasa, mai ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, mai wasali a kan kowane harafi, da haruffan da Hausa ke da su Larabci ba shi da su. A wancan zamanin ba abin da mutum zai saya ya yi masa haka. Sai dai ya zana kowane harafi da kansa, ɗigo bayan ɗigo, ya koya wa firinta yadda allurorinta za su buga shi. Ga shi kuma kowane harafi siffarsa daban a farkon kalma, daban a tsakiya, daban a ƙarshe. Littattafan lissafi na 'yan makaranta masu gida-gida yake saya, ya cika su da fensir. In kana masa magana ka ga idonsa ya tsaya a kan allon wani kanti, to ka daina, wutsiyar wani harafi yake kallo.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ya ajiye aikin jami'a. An yi taron gida a kan haka. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya ce hauka ne mutum mai iyali ya bar albashi. Yaya ya ce ya sami ƙaramar kwamfuta tasa ta kansa, kuma ya tsara komai: daga Asabar zuwa Laraba zai yi wa mutane aikin kwangila don a ci abinci, Alhamis da safiyar Juma'a kuwa nasa ne. Ya ce shekara biyu ta ishe shi. Har yanzu ina jin muryarsa yana cewa, "Alhamis tawa ce. Ko gobara ce ku nemi wani."

Ni na kawo masa kwangilar farko. Ina aiki a ofishin ilimi a lokacin, na san shugabannin makarantu, na san wahalar da suke sha da haɗa sakamako da hannu. Ba zan ɓoye ba, ina samun nawa kason a duk aikin da na kawo, kuma ina jin daɗin a ce ni ne ƙanen mai kwamfuta. Daga makaranta ɗaya aka koma uku. Daga makarantu aka koma asibiti, aka koma ɗakin karatu, aka koma masu rajistar ɗalibai.

Abin da ni da shi ba mu sani ba shi ne, aikin furogiram ba kamar ɗinkin riga ba ne da za ka miƙa a sa a tafi. Duk wanda ka yi wa, ka aure shi. A yau a ce an ƙara darasi, gobe a ce sabon shugaba ya zo yana son sunan makaranta da manyan baƙi, jibi a ce an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki komai ya rikice. Kuma ba sa zuwa sai Alhamis, don ranar ce suka tabbata yana gida. Na sha jin irin wannan a ƙofar ɗakinsa:

"Ranka ya daɗe, ɗan gyara ne kawai. Minti biyar."

"Wanne irin gyara?"

"So muke a riƙa jera yara bisa ƙoƙari, ba bisa suna ba. Sannan a raba maza da mata. Sannan in yaro ya canza aji sakamakonsa ya bi shi."

"Wannan ba gyara ba ne, Malam. Sabon aiki ne."

"Haba, ai kai na'ura ce ke yi maka."

Sai Yaya ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "To, bari in ɗauko hulata." Littafin gida-gidan ya zauna a buɗe da fensir a tsakiya har wani mako.

Duk da haka yana ja da kaɗan-kaɗan. Shekara biyun nan ta zama huɗu kafin ya buga shafi na farko, baiti shida daga waƙar kakanmu. Ranar na gan shi kamar yaron da ya sauke Alƙur'ani. Firinta tana bi ta kan kowane layi sau uku, ɗaya don haruffa, ɗaya don wasulan sama, ɗaya don na ƙasa, tana ƙara kamar ana saƙa. Ya yage takardar, muka kai wa Malam a zaure bayan la'asar. Idon Malam ya riga ya yi rauni. Ya kai takardar bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa, leɓensa na motsi. Ya karanta baitin farko a fili ba tare da tuntuɓe ba. Sannan ya sa yatsa a kan wani harafin ya da ke ƙarshen kalma.

"Wannan ya ɗin, wa ya koya maka ita haka?"

"Malam, haka take a littattafan bugu."

"A littattafan wasu. Mu tamu baya take komawa, ta kwanta a ƙarƙashin kalma. Wannan ta miƙe kamar baƙuwa." Ya miƙa masa takardar. "Karatu dai ya karantu, Allah ya yi albarka. Amma ba hannun gidan nan ba ne tukuna. In ka gyara ka kawo."

Ni haushi na ji. Yaya kuwa dariya yake yi har muka shiga gida. Ya ce, "Ka ji mai duba aiki na gaske. Duk masu ba ni kwangila ba wanda ya taɓa kallon aikina haka."

Bai sami kai masa gyaran ba. Ga yadda aka yi.

A shekarar na haɗa shi da wani kamfanin 'yan kwangila daga Kaduna, waɗanda suka sami aikin rajistar ɗalibai na makarantu da yawa suna neman wanda zai rubuta musu. Shi ne aiki mafi girma da na taɓa kawowa. Yaya ya ce ba ya so, zai cinye masa shekara. Na ce ai za su ba shi aron babbar kwamfuta mai sauri, wadda za ta taimaki aikin ajamin ma. Da wannan na ci shi. Ni na karɓi takardar yarjejeniya, ni na ce masa na duba babu komai, ya sa hannu yana tsaye. Ban duba ba. Shafin farko kawai na karanta.

Wata bakwai yana aiki a kan na'urarsu. Ya kwashe aikin ajamin ya mayar can, ya sake zana haruffa da yawa, har da ya ɗin Malam. Rannan da hantsi, yana Tudun Wada wajen wani gyara, mota ta tsaya a bakin lungu. Kamfanin ya sami saɓani da waɗanda suka ba shi aikin, an soke komai, sun zo ɗaukar kayansu. Matar Yaya ta aika aka kira ni. Na ce su jira ya dawo ya kwashe nasa. Babbansu ya buɗe takardar ya nuna min layin da ya ce duk abin da aka rubuta a kan na'urar mallakar kamfani ne, ga sa hannun Yaya a ƙasa. Ina tsaye suka naɗe wayoyi suka fita.

Yana da kwafi a faifai, amma na wata biyar baya ne, biyu daga cikin faya-fayan kuma damina ta sa musu fumfuna sun ƙi karantuwa. Sau uku muna zuwa Kaduna. A na uku muka tarar an goge na'urar an sayar.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Sai da muka sauka muka shigo gari, a daidai unguwar Kwarbai, Yaya ya tsaya a gefen hanya ya dube ni.

"Ai ka ce min ka karanta takardar."

"Yaya, ai kai ma da ka..."

"Ka ce min ka karanta. Da ka ce ba ka karanta ba, da na zauna na karanta."

Ni kuma maimakon in ba da haƙuri sai bakina ya ƙwace. Na ce shekara nawa yana wannan zane-zanen, wa ya ci abinci da shi? Na ce ayyukan da nake kawowa su suke riƙe gidan, su suka sa yaransa a makaranta. Na ce ko ya gama, mutum nawa ne za su karanta waƙar wani tsoho da ya mutu tun kafin a haife mu?

Ya dube ni ya ce, "Malam zai karanta." Ya wuce ya bar ni a nan.

Malam ya rasu kafin azumin shekarar. Wata huɗu ni da Yaya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Goggo ce ta kira mu ɗakinta ta zage mu tas, ta ce ko ƙasar kabarin ubanmu ba ta bushe ba muna gaba a kan talabijin. Muka yi musafaha a gabanta. Bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Na so ya tayar, da na sami inda zan sa haƙurina.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ni kaɗai ne na cinye masa lokaci. Shi ma yana da nasa hannun, kuma a nan ne nake rasa yadda zan yi da shi, in yi fushi ko in yi alfahari. Wata Alhamis da sassafe wani magatakardan makaranta ya zo, dattijo mai 'ya'ya. Ya danna abin da bai kamata ba, sakamakon zangon karatu gaba ɗaya ya ɓace, ranar Asabar kuma za a raba wa iyaye. Ya ce in shugaba ya ji, aikinsa ya ƙare. Yaya ya riga ya buɗe littafinsa, har ya fiƙe fensir. Ya rufe. Yini biyu ya yi a ofishin nan yana tono abin da ya gogu, Juma'a ma a masallacin kusa da makarantar ya yi ta. Da shugaban ya tambayi abin da ya faru, Yaya ya ce, "Laifin furogiram ɗina ne, bai kamata ya bari a goge ba tare da ya yi tambaya ba. Na gyara." Ko sisi bai karɓa ba. Da na ce masa ai ƙarya ya yi, sai ya ce, "Ba ƙarya ba ce. Da na sa tambayar, da bai goge ba."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ya sake zana abin da ya ɓata, a hankali, don ƙarfin ba kamar da ba. Da autarsa ta yi aure sai ya tara mu ya ce ya gama da kwangila, daga yanzu kowace rana tasa ce. Na yi masa alkawari ba zan sake kawo kowa ba, kuma na cika. Wata uku ya samu. Ban taɓa ganinsa da walwala irin ta watannin nan ba. Haruffa duk sun kammala, wasula suna zama inda ya kamata. Abin da ya rage shi ne ya sa baiti ya riƙa rabuwa gida biyu daidai a kan shafi, sannan ya sauƙaƙa furogiram ɗin yadda wani zai iya aiki da shi ba sai shi ba.

Sai maganar shekara ta dubu biyu ta taso. Tsofaffin furogiram, har da nasa, lamba biyu ta ƙarshe kawai suke ajiyewa ta shekara, don a da wurin ajiya ƙanƙane ne. Aka ce in shekara ta juya, na'ura za ta ɗauka an koma baya shekara ɗari, ranar haihuwar ɗalibai da katin marasa lafiya duk su rikice. Rediyo ya yi ta faɗa har mutane suka tsorata. Duk wanda Yaya ya taɓa yi wa aiki cikin shekara goma sai ga shi a zaure, wasu ma da ba shi ya yi musu ba. Wannan karon ni na roƙe shi ya ƙi. Na ce akwai matasa yanzu da suka karanci abin, a je wurinsu.

Ya ce, "Ni na yanke shawarar lamba biyun nan. Ba wanda ya san inda na binne su sai ni. In bar wa wani ya yi ta haƙa?"

Yana da hawan jini, likita ya hana shi yawo a rana. Ya koma kan Vespa, yau Tudun Wada, gobe Sabon Gari, jibi Samaru. A ofishin wata makaranta ya yanke jiki ya faɗi, da azahar, hannunsa a kan na'ura.

Kwana tara ya yi a asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Rana ta bakwai bakinsa ya ɗan saki, muna mu biyu bayan la'asar, matarsa ta fita alwala. Na ce, "Yaya, ka yafe min. Ni na jawo maka mutanen nan tun farko. Da ban kawo su ba da ka gama tuntuni."

Ya juyo da kansa wajena. Sannan ya ce, a hankali, kalma na jan kalma, "Kai ka kawo su. Amma ni nake cewa to. Ka san me ya sa? Aikin mutane in ka yi, ranar za a ce an gode. Ka ga fuskar mutum ta washe. Nawa kuwa, in na zauna, ni kaɗai ne da shi, kuma yana da wuya, kuma ina tsoron in gama ya zama bai yi kyau ba. Wani lokaci in na ji sallama ranar Alhamis, daɗi nake ji." Ya ja numfashi. "Kada ka ɗauke laifin duka. Ka bar min nawa."

Shekara goma ina zaton ni da masu kwangila muka tare masa hanya, ashe shi ma yana buɗe mana ƙofa. Haushinsa ya kama ni a wurin, mutum yana kwance rabin jikinsa ba ya motsi, ni kuma ina jin kamar in girgiza shi.

Muna haka sai wani ma'aikacin asibitin ya leƙo, da fayil a hannu. Ya gaishe mu, ya yi wa Yaya sannu, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce an faɗa masa wai wannan shi ne malamin kwamfutar nan. Ya ce tasu ta ɗakin kati tana wani rubutu tun safe ta ƙi wucewa, ko Malam zai iya faɗa masa abin da zai danna, daga kwancen ma ya isa.

Wallahi sai na ga Yaya yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi. Ya ce, "Me take rubutawa?"

Na miƙe na tsaya tsakaninsu. Na ce, "Ba zai duba ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Ku nemi wani." Na riƙe ƙofa har mutumin ya fita, na rufe.

Da na juyo, gefen bakin Yaya mai motsi yana murmushi. Ya ce, "Ashe ka iya."

Na ce, "Na iya."

Ya ce, "Ka makara, ƙanena." Ya lumshe ido, murmushin bai bar fuskarsa ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Bai iya cewa a'a ba, mu kuma ba mu iya ƙyale shi ba. Ka gafarta masa nasa, Ka gafarta mana namu. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayenmu a cikin rahamarka, Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin da ni har yau ban samu ba. Amin.